Kafin a Garƙame Gidan Gem a Kunci

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kimanin 30 a cikin birni. Wannan mataki bai dame ni ba ko kaɗan. Caca haramun ce a addininmu, kuma ko ba a kawo addini ba, duk wanda ya ga yadda take wawushe albashin ma'aikaci da jarin ɗan tireda ba zai zubar mata da hawaye ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da hukumar ta yi a lokacin, cewa masu shagunan izinin buɗe gidan gem aka ba su, daga baya suka juya wurin ya koma na caca. Maganar ta zauna daram a kan wani zato da ya daɗe a zukatanmu, mu 'yan boko masu wa'azin tarbiyya a Facebook, cewa gidan gem da gidan caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Shi ya sa duk sa'ad da aka taɓo lalacewar yara, ba a rasa wani mai digiri da zai ce a bi gari gari, ƙauye ƙauye, a garƙame su baki ɗaya a huta.

Ina jayayya da wannan kira. Zalunci ne ga ɗan talaka, kuma ko ta fuskar tarbiyyar da ake iƙirarin karewa, lissafinsa bai fita ba. Hujjata zan ɗauko ta daga wani nau'in wasa da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, wasan faɗan samudawan ƙarfe da ake bugawa ƙungiya da ƙungiya a gidajen gem na Japan. Amma kafin mu je can, mu fara da inda yaran suke.

Mu ɗauki Kunci, ƙaramar hukumar da ke arewacin Jihar Kano, maƙwabciyar Bichi da Tsanyawa, a kan hanyar ƙasar Kazaure. Ba da jimawa ba aka sauya mata suna zuwa Ghari, saboda sunan farkon ya yi kama da ƙunci. (Gyaran allon suna ba ya ba mu wuya; abin da ke bayan allon ne muke bari yadda yake.) Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura dubu 100, yau kuwa sun fi haka nesa. Ƙasar noma ce mai cunkoso, gona jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, da ƙyar ka ga saura. Daga ruwan shuka zuwa kaka yaro ba shi da lokacin kansa: shuka, noman fari, maimai, girbi, jidon amfani. Amma da an kai hatsi rumbu sai rani ya miƙe, wata shida ko bakwai. Mai fili kusa da madatsar ruwan Gari ya yi noman rani. Samari masu ƙarfi su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Ikko. Waɗanda aka bari a gida su ne 'yan shekara 12 zuwa 17, masu jini a jika da dogon yini a gabansu.

In an tashi daga boko, an tashi daga allo ko Islamiyya, ina za su? A da akwai dandali. Akwai langa da kokawa a farin wata, 'yan mata na gaɗa a gefe. Yanzu fegi ya cinye fili, tsoron dare ya shiga iyaye, kuma wasu daga cikin masu neman a rufe gidan gem su ne suka fara cewa wasan dandali bidi'a ce ko ƙauyanci. Mai karatu ya ƙirga da yatsunsa wuraren da hukuma ta tanadar wa yaro ɗan shekara 14 a irin waɗannan garuruwa don ya huta ya yi wasa. Ba zai gama hannu ɗaya ba. A cikin wannan giɓi gidan gem ya tsiro: shago guda, benci biyu, talabijin biyu ko uku, tsohuwar PlayStation da ta sha hannu, janareta a bayan shago, ko kuma sola tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sau da yawa mai shagon yana haɗawa da cajin waya, don gem kaɗai ba ya ciyar da gida.

Abin da ake bugawa a ciki kowa ya sani. Ƙwallo ce kan gaba, sai Mortal Kombat da jininsa da fille kai, sai GTA, inda gwaninta ita ce ƙwacen mota da tsere wa 'yan sanda. Ba mai shago ne ya zauna ya zaɓi waɗannan ba, ba iyaye ba ne, ba kuma hukuma ba. Wanda ya ɗura masa wasanni a kasuwar birni ranar da ya sayi na'urar, shi ya zaɓa, shi ma abin da ya samu a kwamfutarsa ya zuba. Wato abin da yaran gari guda za su shafe shekaru suna kallo, wani ɗan kasuwa ne ya yanke shi cikin rabin sa'a. A nan ya kamata muhawararmu ta tsaya: wane wasa, a wane lokaci, da wane sharaɗi, a ƙarƙashin idon wa. Amma mai cewa "a rufe" ya tsallake duk wannan, domin a wurinsa gem gem ne, kamar a ce littafi littafi ne, a ƙone laburare saboda an samu na batsa a ciki.

To, bari in nuna yadda gem ya bambanta da gem.

Yayyenmu da suka tashi da NTA ba za su manta Voltron ba, zakunan ƙarfe biyar da matuƙa biyar, waɗanda sai sun haɗu suke zama basamude guda. Amurkawa ne suka fitar da shi a 1984, amma asalinsa zanen Japan ne na 1981. Larabawa nasu gwanin shi ne Grendizer, wanda har gagarumin mutum-mutuminsa aka kafa a Riyad. Japanawa suna kiran irin waɗannan meka: mutum-mutumin ƙarfe mai tsayin bene, wanda ɗan Adam ke shiga cikinsa ya tuƙa kamar yadda direba ke shiga tarakta. Wanda ya fi kowane tasiri a cikinsu shi ne Gundam, wanda Yoshiyuki Tomino ya ƙirƙira a 1979. Tsayinsa a labarin mita 18 ne, matuƙinsa kuwa yaro ne ɗan shekara 15 da yaƙi ya rutsa da shi ba da son ransa ba. Tomino an haife shi a 1941, cikin yaƙin duniya na biyu, kuma labarinsa bai yi wa yaƙi kwalliya ba. Da farko ma shirin bai karɓu ba, har aka datse shi kafin lokacin da aka tsara.

A 2001 kamfanin Capcom ya mai da wannan labari wasan gidan gem mai suna Federation vs. Zeon, daga baya Bandai Namco ya ci gaba da jerin, ya fitar da Extreme Vs. a 2010, kuma har yau ana sabunta shi. Tsarinsa bai sauya ba: mutum biyu da mutum biyu. Kowa ya jefa tsabar yen 100 a akwatinsa, ya zaɓi basamudensa, a sake su a fili guda na 'yan mintuna. Kowace ƙungiya ana ba ta jari guda na maki 6,000, na su biyun ne, ba a raba shi. Kowane basamude yana da farashi: akwai na 3,000, da na 2,500, da na 2,000, da na 1,500. Mai tsada ya fi ƙarfi, ya fi sauri, ya fi jure duka. In aka tarwatsa naka za ka dawo fili, amma an zare farashinsa daga jarin. Ƙungiyar da jarinta ya fara ƙarewa ita aka ci.

Mai karatu ya ɗan yi haƙuri da lissafi, domin a cikinsa maganar take. A ce wa da ƙane ne a ƙungiya ɗaya, wan ya ɗauki na 3,000, ƙanen ya ɗauki na 2,000. In wan ne ya fara faɗuwa, saura 3,000 a jari, daidai farashinsa, sai ya dawo da cikakkiyar lafiya. In kuwa ƙanen ne ya yi garaje ya fara faɗuwa, saura 4,000. Duk sa'ad da aka kayar da wan bayan haka, abin da zai rage 1,000 ne kacal, kuma dokar wasan ita ce in ragowar jari bai kai farashinka ba, gwargwadon ragowar za a mayar maka da lafiya. Sai babban jarumin ya dawo da sulusin lafiyarsa, abin da duka biyu ko uku zai gama da shi. Faɗuwa biyu aka yi a nan, faɗuwa biyu za a yi a can, amma wanda ya riga faɗuwa shi ya raba nasara da asara.

Saboda haka gwanayen wasan suka tsayar da al'ada: mai ƙarfi shi ke shiga gaba, ya tare duka, ya fara faɗuwa. Mai rauni ya tsaya baya yana harbi daga nesa, yana tsaron lafiyarsa. Aikin na bayan ya fi wuya, don haƙuri ne tsantsa. Yana ganin ana jibgar ɗan'uwansa, zuciya na ce masa ya kutsa, amma ya san kutsawarsa ita za ta kashe su duka. Shi ma na gaban ba shi da ikon yin gaban kansa, don in ya yi nisa abokan gaba biyu za su juyo su yi wa ƙanensa taron dangi. Akwai kuma wani abu. Tashi sama da zabura suna cin wani ma'auni kamar mai a tanki, in ya ƙare dole ka sauka, kuma a daidai saukar kana tsaye ƙiƙam na ƙiftawar ido, ba ka iya kaucewa. Nan ake harbin mutum. Wanda zai hana a harbe ka a wannan lokaci abokinka ne kawai. Ba wanda ke cin wannan wasa shi kaɗai, komai saurin yatsunsa.

Duk Bahaushen da ya taɓa yin langa ya gane wannan tun kafin in gama. A langa ma ƙungiya biyu ce, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, kuma akwai wanda ake kira ruwa. In ruwa ya kai wurin sha an ci. In aka kayar da shi an yi asara, komai yawan waɗanda suka rage a tsaye. Ƙaton da ya fi kowa ƙarfi ba shi da amfani in ya tafi neman suna ya bar ruwa a fili. Wannan wasa namu har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin sa, tare da dambe da kokawa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce langa na koya wa yara ta'addanci don ana bangaje juna a cikinta ba. Ɗan Kunci da ya tashi yana ganin aikin gayya, ya san a gandu akwai mai riƙe garma akwai mai jan shanu, ba sai Bajapane ya koya masa haɗin kai ba. Abin da nake cewa shi ne akwai wasannin allo da aka gina su a kan wannan ɗabi'a da ya riga ya sani, kuma akwai waɗanda aka gina su a kan kishiyarta. Wanda bai san bambancin ba bai cancanci ya yanke wa gidan gem hukunci ba.

Kada a ɗauka masu buga wasan nan waliyyai ne. A Japan ɗin kanta, ɓangaren da akwatunan Gundam suke a gidan gem ana yi masa laƙabi da gidan zu, saboda ihu da buga tebur da zargin juna in an sha kashi. Inda aka haɗa jari dole a samu mai cewa kai ka jawo mana. Amma ihun a bainar jama'a ake yin sa. Wanda ka zaga yana kusa da kai, gobe za ku haɗu, mai gida yana jin ku, in ka wuce gona da iri a nuna maka ƙofa. A shagon ƙauye abin ya fi haka ma: mai shagon ya san uban kowa, kuma duk mai wucewa zai iya leƙowa ya ga wanda ke zaune.

Yanzu mu rufe shagon, mu ga inda yaron zai nufa. Ba gona zai koma ba, rani ne. Waya zai nufa, tasa ko ta yayansa ko ta aro, a lungu ko cikin ɗaki da dare. A wayar ma akwai samudawan ƙarfe. War Robots, wanda ya fito a 2014, mutum shida da shida ake bugawa, kuma kyauta ake sauke shi. Sai dai kyautar tarko ce. A akwatin gidan gem kowa yen 100 ya biya, kowa daga jeri ɗaya yake zaɓa, ɗan attajiri da ɗan leburan gini ba wanda ya fi wani makami. A irin na waya kuwa ƙarfi sayensa ake yi. Ka sa kuɗi ka samu makamin da ya fi na abokin karawarka, in ba ka da shi ka zama abin farautar masu shi. Wasanni da yawa na waya suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba, ko tsiya ko arziki. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna a 2018 ta ce caca ce, Japan ma tun 2012 ta haramta wani nau'insu. Kuma a cikin wayar nan dai manhajar cacar ƙwallo take, ba ta buƙatar shago, ba ta buƙatar allon suna, ba motar Hisba da za ta tsaya a ƙofarta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Mun ɗauke yaro daga ɗakin da mutum goma ke ganinsa, mun kai shi inda ba mai ganinsa sai kamfanin da ke son kuɗinsa.

Masu adawa da gidan gem suna da ƙorafe-ƙorafe na gaskiya, ba zan yi musu rowar wannan ba. Akwai yaron da ke gudun Islamiyya ya laɓe a can. Akwai wanda ke zarar kuɗin cefane ko cinikin tallar ƙanwarsa. Akwai shagon da ake kiran salla ana ci gaba da bugawa, akwai wanda manyan samari masu shaye-shaye suka mai da shi matattara, ƙananan yara na zaune a tsakaninsu. Akwai kuma al'adar nan da ta zama ruwan dare, ta "wanda aka ci shi zai biya", wadda malamai da dama suke ganin reshe ce ta caca, tunda kuɗin wani na hawa kan wani bisa sakamakon wasa. Ina tare da su a kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar gem a jerin cututtuka a 2019. Amma a duba kowane ɗaya daga cikin waɗannan: lokaci ne, shekaru ne, hanyar biyan kuɗi ce, halin mai shago ne. Duka abubuwa ne da doka ke iya kamawa in akwai shago mai ƙofa da mai shi da aka sani. Maganin "wanda aka ci ya biya" a akwatin Japan yake tun asali: kowa ya biya nasa kafin a fara, ci ko rashin ci ba ya motsa kwabon kowa zuwa aljihun wani.

Japanawa sun sha irin wannan fargaba kafin mu. Lokacin da gidajen gem suka cika biranensu, iyaye da malaman makaranta sun yi kukan cewa matattarar 'yan iska ce. Gwamnati ba ta rufe su ba. Daga 1985 ta shigar da su ƙarƙashin dokar wuraren nishaɗi: sai da lasisi, akwai lokacin tashi, wanda bai kai shekara 18 ba ba ya zama bayan ƙarfe 10 na dare, a yawancin larduna kuma wanda bai kai 16 ba tun ƙarfe 6 na yamma yake fita, sai in yana tare da babba. An kuma hana ba da kuɗi a kan sakamakon wasa. Da wannan aka raba gem da caca a takarda da kuma a aikace. Abin da ya rage yawan gidajen daga baya, daga sama da dubu 26 a 1986 zuwa kimanin dubu 4 a 2019, na'urar gida ce da waya. Wasanni irin na Gundam suna cikin waɗanda suka riƙe ragowar, domin mutum yana fitowa ne neman abokin bugawa. Koriya ta Kudu kuwa ta gwada hanyar hani: a 2011 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe. Yara suka koma amfani da lambar shaidar iyayensu, suka koma waya, wadda dokar ba ta shafa ba. A 2021 aka soke dokar.

Mu ma muna da namu darasin, kuma bai tsufa ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Aka yi ca, aka janye aikin. Fim bai tsaya ba ko na yini ɗaya. Ya koma YouTube da TikTok, inda hannun Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa tun 2001, bai kai yadda zai kai a wurin da ke da katanga da ƙofa ba. Mun ƙi wurin da za mu iya sa wa ido, mun samu wanda ba mu iyawa.

Sai maganar da ba a son a faɗa. Da yawa daga masu kiran a rufe, a falonsu akwai PlayStation 5. 'Ya'yansu suna bugawa a Nasarawa GRA ko Maitama, da sanyin na'ura da intanet na wata, kuma ba mai kiran wannan lalacewa, sunansa hutu. In an je Dubai ko Umara a biya da yara ta gidan gem na babban kanti, a ɗauki hoto a ɗora. Saudiyya da kanta ta shirya gasar gem ta duniya a Riyad a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Ban kawo wannan don in ce abin da gwamnatin Saudiyya ta yi hujja ce a shari'a ba. Na kawo shi ne don a ga cewa wasan da ke halal ga ɗan mai hali ba ya zama haram don ɗan manomi ya biya kuɗin mintuna goma ya taɓa shi a shagon haya. Dokar da za ta rufe gidan gem ba za ta shiga falon kowa ba. A kan benci za ta ƙare, a Kunci da Tsanyawa da lungunan Kurna da Rijiyar Lemo. Laifi tudu ne.

Ba zan yi irin alkawarin da wasu masu kare gem ke yi ba, cewa zai mai da yaro injiniya ko ya buɗe masa ƙofar arziki. Yawancin masu buga Gundam a Tokyo ba su zama komai ba ta dalilinsa, kamar yadda yawancin masu langa ba su zama sojoji ba. Wasa ba ya buƙatar wannan kariya. Yaron da ya yi wata biyar yana duƙe a gona yana da hakkin ya zauna da sa'o'insa su yi ihu su yi dariya, kuma al'ummar da ta rushe dandali ba ta gina komai a madadinsa ba, ba ta da bakin cewa ya koma gida ya zauna shiru. ('Yan mata ma ba a maganarsu sam: sun rasa gaɗa, gidan gem kuma ba nasu ba ne. Wannan wani rubutun ne.)

Abin da ya kamata a yi ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko kwangila. Hukumar tace fina-finai ta riga ta san yadda ake yi wa gidajen kallo rajista. A ware wa gidan gem nasa lasisin daban, a rubuta a jikinsa cewa duk shagon da aka samu da takardar caca ko na'urarta ya rasa shi nan take, wanda ya juya gidan gem ya koma na caca kuwa a hukunta shi da laifin da ya yi, ba a haɗa da maƙwabcinsa ba. A hana buɗewa a lokacin boko da Islamiyya, a tsaya lokacin salla, a sallami ƙananan yara kafin isha, ƙofa ta zauna a buɗe, kowa ya biya nasa kafin ya ɗauki hannun gem. A garuruwa irin Kunci ba sai jami'i ya taso daga Kano ba, dagaci da mai unguwa da liman da shugaban makaranta sun fi kowa sanin wane shago ne na kirki. Kuɗin lasisin kuma ya zama abin da mai talabijin biyu zai iya biya. In aka tsawwala, zai mai da na'urarsa cikin soro ya rufe ƙofa, mu koma inda muka fito.

Sannan a shiga maganar abin da ke cikin na'urar, wadda ita ce ba wanda ya taɓa tambaya. Wasannin suna zuwa da alamar shekaru daga masu yin su, GTA da Mortal Kombat duka na manya ne, a rubuce yake a jikin kwalinsu. A cire su daga shagon da yara ke shiga. Abin da za a sa a gurbinsu ba sai an yi odarsa daga sama ba. Akwatin Japan mai cin yen ba zai zo Kunci ba, ya fi ƙarfin jarin kowa a nan, amma wasan ya daɗe da sauka kan na'urorin gida. Federation vs. Zeon yana kan PlayStation 2, irin wadda har yau ake samu a shagunan karkara. Maxi Boost ON ya fito a PlayStation 4 a watan Yulin 2020 da samudawa sama da 180, kuma mutum biyu na iya raba talabijin ɗaya su buga tare. Wasan ƙwallon da ke cikin kowace na'ura ma ana iya buga shi biyu da biyu in akwai hannu huɗu, maimakon ɗaya da ɗaya sauran na zaune suna jiran layi. Mai shago ba zai ƙi ba, don mutum huɗu a talabijin guda sun fi masa mutum biyu ciniki.